Kwalba Biyu, Kwano Ɗaya

Shekara ashirin da uku ina aikin lafiya a Batsari, kuma in akwai abin da nake taƙama da shi, to shi ne ban taɓa cike fom da ka ba. Na san masu zama a inuwa su ƙirƙiro ƙauye guda har da jariransa. Ni kuwa sai na je, na gani da idona, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Shi ya sa da Dokta Mahfuza ta zo daga Katsina da bincikenta kan ciwon karkarwa, ta ce tana neman wanda zai riƙa bin marasa lafiya har gida a ƙauyukan Batsari da Safana, kowa ya nuna ni da baki, har waɗanda ba ma shan inuwa ɗaya. "A ba Malam Tayyib," in ji su. Ni kuma na ɗauka yabo ne.

Ciwon nan, wanda likitoci ke kira Fakinson, ba rawar hannu kaɗai ba ne. Jiki yakan yi nauyi, taku ya gajarce, fuska ta daskare har mutane su ce mutum ya koyi girman kai. Har yanzu ba a gama sanin abin da ke kawo shi ba. Dokta tana zargin maganin feshin gona yana da hannu a ciwon wasu, shi ya sa ta baro birni ta zo inda ake feshi.

A Zakka na samo mata tsofaffi biyu a rana ɗaya, Baba Mati da Baba Jafaru. Taubasai ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma tun suna samari ba su taɓa yini ɗaya bai tsokani ɗaya ba. Shekara kusan talatin su ne masu feshin haya na garin: tanki a baya, ba safar hannu ba takunkumi, in magani ya ƙi haɗuwa da ruwa a zura hannu a dama. Yanzu hannun Mati na hagu ne ke rawa, na Jafaru kuwa na dama. Mati ya ce Allah ne ya raba musu haka don kada wani ya yi wa wani gori.

Sai dai rabon bai zo daidai ba, don da dama ake cin tuwo.

A ƙofar gidajensu akwai wani tsohon bedi, wato dogon yaro, a gindinsa ake ciyayya tun zamanin iyayensu. Bayan magariba kowane magidanci a fito masa da tuwon gidansa, su biyar su haɗu a tabarma ɗaya, a ci na wannan a koma na wancan. Wata takwas kafin zuwana, surukin Jafaru, uban mijin 'yarsa, ya zo daga Babban Duhu, aka zauna cin abinci da shi. Jafaru ya yanko loma, ya dangwali miyar kuɓewa, hannun kuma ya zaɓi wannan lokacin ya yi abin da ya ga dama. Miya ta tashi ta sauka a gemun baƙo da gaban farar rigarsa. Kuɓewa kuwa ba ta faɗuwa ta huta, sai ta yi zare. Baƙo ya ce ba komai, ya share. Wani a gefen tabarma ya ƙunshe dariya, bai ƙunshe ta da kyau ba.

Tun daga ranar kwanon Jafaru yana fitowa, mai kwano ba ya fitowa. Matarsa Zuwairatu ta faɗa mini a ɗaki yake ci, ya juya wa ƙofa baya, wata rana ma ya ture kwanon ya kwanta. Masallaci yakan tsaya a sahun ƙarshe, ya riga kowa fita. Da na ɗora shi a sikeli sai da na sake ɗora shi, na zaci sikelin ne ya lalace.

Mati ne ya ja ni gefe a ranar. "Likita," in ji shi, don a ƙauye duk mai riƙe da fom likita ne, "ni ba don hannuna za ni sa kaina a wanga aiki ba. Ni da shi mun saba, shina rawarshi ina harkata. Wancan sakaran nike so a hito mini da shi. Wata takwas ina cin tuwo ba wanda ya ce mini na cika haɗama. Ai ba ya wucewa."

Ranar kasuwa aka kawo su Batsari, don ranar ce hanya ke da mutane. Dokta ta sa su buga babban yatsa da manuniya da sauri, ta sa su tafi bango su juyo, ta ba su biro su zana layi mai naɗewa kamar ɗinkin faifai. Wannan duk ya tafi lafiya. Da aka zo tambayoyi ne aka sha fama.

"Baba Jafaru, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Kana iya ɓalle maɓallin riga da kanka?"

"Alhamdu lillahi."

"A'a, Baba, kana iyawa ko ba ka iyawa?"

"To, ana dai godiya."

Fom ɗin yana da gida biyar, daga sifili zuwa huɗu, kuma babu gidan godiya a ciki. Dokta ta dube ni, na dubi silin. A ƙarshe Mati ne ya riƙa amsa wa Jafaru, Jafaru kuma ya riƙa amsa wa Mati, don ba mai jin kunyar tona asirin taubashinsa. A haka muka samu gaskiya fiye da yadda fom ya nema.

Sannan ta yi musu bayani, dalla-dalla, don ita ba ta gaggawa a wannan wuri. Kowa za a ba shi farar ƙwaya, sanannen magani mai rage karkarwa, ko da yake ba ya kashe ciwon. Bayan ita akwai kafso ruwan ɗorawa, guda ɗaya kullum bayan cin abincin dare, shi ne ake bincike a kansa. Rabin mutanen da suka shiga za su samu kafso mai sabon magani. Sauran rabin kafsonsu gari ne zalla, ba ya cutarwa ba ya magani. Kamarsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya. Kwamfuta ce ke zaɓa. In an gama sai a gwada rukunin biyu, a ga ko sabon maganin ya yi wani abin da gari bai yi ba.

"To ni wanne za ki ba ni, ɗiyata?" in ji Mati.

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ki sani ba?"

"Ni ma an ɓoye mini, don kada son zuciya ya shiga aikin. Kowace kwalba lamba ce a jikinta. Abin da ke ciki yana rubuce a cikin ambulan a rufe, can Katsina."

Mati ya juyo wajena. "Likita, wanda ya ba ka magani bai san mi ya ba ka ba, mi ya raba shi da mai lasifika na bakin kasuwa?"

Na ce ya raba su, mai lasifika ba ya faɗa maka bai sani ba. Wannan ta burge shi. Sannan ya sake tambayar Dokta, a hankali wannan karon.

"Ke nan shina yiwuwa a ba ni na gaske, a ba wanga gari?"

"Yana yiwuwa. Yana yiwuwa kuma a ba shi na gaske a ba ka gari. Shi ya sa kowa ya riƙe kwalbarsa, kada ya ba kowa."

Tsofaffin suka dubi juna. Ba wanda ya ƙara cewa uffan, suka dangwala yatsa a takarda, Mati ya karɓi kwalba mai lamba sha bakwai, Jafaru mai lamba arba'in da biyu. Ni da na shekara ashirin da uku ina hulɗa da mutanen ƙauye, na ga wannan shirun na rubuta a fom cewa sun fahimta. Sun fahimta kuwa, fiye da yadda nake so.

Wata huɗu ina zuwa Zakka a kan babur, duk ƙarshen wata, in zazzage kwalba in ƙirga abin da ya rage. Mutum sittin muke bi, kuma kowa da irin nasa. Wani ya manta kwana tara, wani ya sha bibbiyu don ya warke da wuri, wata tsohuwa ta adana nata gaba ɗaya a ƙasan adaka don kada ya ƙare. Amma lamba sha bakwai da arba'in da biyu, kullum cif. Ba ƙari ba ragi. Jafaru ya ƙara kilo huɗu. Zanen faifansa ya fara kama da faifai. Har a taron ma'aikata na miƙe, ba wanda ya tambaye ni, na ce in ana neman misalin bin doka a zo Zakka a ga tsofaffina. Aka tafa mini. Allah ya sa ba wanda ya ɗauki hoto.

A watan Agusta na je da rana, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya raba ni da hanya. Dole na kwana. Da aka idar da magariba Mati ya kama hannuna zuwa gindin bedi, aka shimfiɗa tabarma, kwanuka suka fara fitowa. Can sai ga Baba Jafaru da kansa, da ɗan gajeren takunsa, ya zo ya zauna kafaɗa da kafaɗa da Mati. Wallahi daɗi ya kama ni har wuya. Na ce a raina, ka ga aikin kimiyya.

Sauran magidantan uku kowa ya jawo tsohon buhu ya shimfiɗa a cinyarsa, aka miƙo mini nawa. Ban gane ba sai da aka fara ci. Miya tana fallatsa daga ɓangaren tsofaffin nan biyu, nan ɗigo can ɗigo, ba wanda ya ɗaga kai. Jafaru ya ce wa Mati ya cika haɗama. Mati ya ce ai gara shi, shi bakinsa yake kai wa, ba gemun mutane ba. Aka yi dariya, har da Jafaru, iya abin da fuskarsa ta yarda.

Da aka wanke hannu, Mati ya laluba bayan bedi ya ɗauko wani ɗan kwanon sha mai murfi. Ya riƙe shi da hagu, hannun ya yi aikinsa ba tare da an sa shi ba, abin da ke ciki yana ta kacau-kacau. Ya buɗe. Kafso ne ruwan ɗorawa, tuli guda. Ya rufe ido ya ɗauki ɗaya, Jafaru ya rufe ido ya ɗauki ɗaya, suka yi bismilla suka kora da ruwa.

Na nuna kwanon da yatsa.

"Baba Mati, mene ne wannan?"

"Maganinmu."

"Na wa? Sha bakwai ko arba'in da biyu?"

"Duka. Ran da anka ba mu munka juye wuri ɗaya."

"Ina kwalaben?"

"Suna ɗaka, an adana maka. In za ka zo mu raba saura biyu mu mayar, don mun lura kana son lissahi ya hito daidai."

Jafaru ya tauna bakinsa, ya gyaɗa kai. "Yau na dace," in ji shi. "Na gaske na samu. Shina da ɗan ɗumi in ya sauka."

"Ni gari ne," in ji Mati. "Gwiwa ta hwaɗa mini tun yanzu. Jiya ni na samu."

Na ce ba Dokta ta ce kada wanda ya ba wani ba? Mati ya ce ai sun kiyaye. Surajo, ɗaya daga cikin magidantan, ga shi nan zaune, ya roƙi guda ɗaya don ciwon baya, suka hana shi, don sun san doka. Surajo ya tabbatar da haka, da alamar har yanzu abin yana masa ciwo.

Da aka watse na tsare Mati a zaurensa, raina a ɓace. Na ce ya san wahalar da aka sha a aikin nan? Ya san bakina da na buɗe a taro? Ya bar ni na gama tsaf.

"Likita, shekara sittin ban taɓa cin nama wanga na cin gaya ba. Yanzu da tsuhwana injin da bai san mu ba zai ce ni in warke shi ya sha gari? Ko shi ya warke ni in sha? In an haɗa, kowa ya samu rabi. Wannan ɗaya ke nan." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Na biyu, na ce mishi kwanon a gindin bedi yake kwana, ba ya shiga gidan kowa. Wanda ke son rabonshi na gaske ya hito ya ɗauka. Sati na hwarko sai an gama ci yake zuwa, ya haɗiye a tsaye ya koma. Sati na biyu ya zamna. Ran nan na tura mishi kwano ban dube shi ba, ya sa hannu. Kai ka ga ya hito, na san ka ce kimiyya. To ita ce, amma ni na aza mata tarko."

Ya roƙe ni kada in faɗa. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. Wa zai sani? Lissafi daidai, tsofaffi suna ƙiba, sunana yana nan da kyau. Amma mutum sittin ne a binciken, kuma bayansu akwai dubbai da za a ba maganin nan ko a hana su saboda abin da muka rubuta. Da rafi ya janye da safe na hau babur, ina tafe ina tsine wa halina, na je na faɗa wa Dokta Mahfuza komai.

Ba ta yi ihu ba, na fi son a ce ta yi. Ta cire tabarau ta ajiye, ta tambaye ni wata nawa, na ce huɗu. Ta ce, "Waɗannan ne tsofaffin naka na misali?" Na ce su ne. Ta ce dokar binciken a fili take: in mutum ya sha abin da ba nasa ba, a tsayar da kafson nan take, a nemi izini a buɗe ambulan don a san abin da ya shiga cikinsa. Farar ƙwaya za su ci gaba da samu. Kafso kuwa an gama.

Ni aka tura na karɓo kwanon. Mati ya miƙo mini shi bai dube ni ba. Jafaru yana tsaye a bakin zaurensa, hannun yana kaɗawa fiye da yadda na taɓa gani, don ciwon nan ba ya son tashin hankali.

Kwana tara kafin izini ya fito, kuma a kwana taran nan Jafaru bai taka gindin bedi ba. Kwano ya koma fitowa shi kaɗai. Ya ce wa Zuwairatu tunda an janye na gasken hannu ya dawo ɗanye, ba zai je ya yi wa mutane wanka da miya ba. Mati ya kira ni a waya sau uku, ba ya ko gaisawa da kyau. "Ka ga abin da gaskiyarka ta yi," in ji shi, ya kashe. Ban ji haushinsa ba. Nawa nake ji.

Rana ta goma Dokta ta kira ni ofis. Takardu biyu ne a gabanta. Na ga kafaɗunta suna rawa, na ce shi ke nan, ita ma ta kamu. Ashe dariya take, har da hawaye. Ta turo mini takardun. Lamba sha bakwai, gari. Lamba arba'in da biyu, gari.

Kwamfutar da Mati ke zargi da rashin adalci ta yi musu adalcin da ya fi nasa. Wata huɗu suna cakuɗa gari da gari, suna rufe ido, wannan ya ji ɗumi wancan gwiwa ta faɗa masa.

Ta ce ita za ta je ta faɗa musu da bakinta. Muka isa Zakka da hantsi. Mati muka fara samu, yana zaune a gindin bedi shi kaɗai. Ya saurara, ya ce a maimaita, aka maimaita. Ya jima yana kallon ƙasa. Na zaci zai ji kunya, ashe lissafi yake.

"To ai ta zo da sauƙi, ɗiyata. Tunda gari ne ba ya cutarwa, ki ban kwano guda. Ki ce mishi an duba, na gaske ne, a ci gaba."

"Ba zan yi masa ƙarya ba, Baba."

"Ba ke za ki yi ba. Ki ba ni, ni in yi. Na saba."

"Ya dangwala yatsa ne a kan zan faɗa masa gaskiya. In na yi masa ƙarya yau don alheri, gobe da me zai yarda da ni?"

"Gaskiyarku ta maishe shi ɗaka," in ji Mati. "Ku kun tahi Katsina, ni ke zamna da tabarma."

Tausayinsa ya kama ni, har na so in goyi bayansa. Dokta ta durƙusa a gabansa, ta ce ya yi haƙuri, ya bar ta ta gwada. Aka yi sallama da Jafaru ya fito zaure. Ya rame a kwana taran nan. Ta gaishe shi har ƙasa, ta tambayi iyali da damina, sannan ta fito da takarda biyu daga jaka ta shimfiɗa a gabansa: zanensa na ranar farko, da zanensa na wata na huɗu. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci.

"Baba, wannan na biyun ka zana shi ne ba ka taɓa shan sabon magani ba, ko guda. Kwalbarka gari ce, ta Baba Mati ma gari ce. Abin da ya taimake ka farar ƙwaya ce da kake sha a kan lokaci, da abinci da ka koma ci, da fitowa cikin mutane. Ba zan ce maka za ka warke ba. Ciwon nan yana tafiya a hankali, wata shekara hannun zai fi haka. Amma abin da aka karɓe maka ran nan ba komai ba ne."

Jafaru ya dubi takardun, ya dubi Mati. Da fuskar nan tasa ba ka gane ko fushi yake ko addu'a.

"Ke nan wata huɗu ina hita ƙohwar gida don in haɗiyi gari?"

"Haka ne, Baba."

"Kai Mati, ɗumin da nike ji fa?"

"Ni ka tambaya? Ni da gwiwata ta yi ta mini ƙarya?"

Jafaru ya dafa bango ya miƙe, sai a yunƙuri na biyu ya tashi. Ya shige gida. Muka bi bayansa da kallo har labulen buhu ya rufe.

Mati ya koma gindin bedi ya zauna kamar an zare masa laka. Baƙo dai ba ya tafiya da yunwa, don haka da azahar ta yi aka shigar da Dokta cikin gida wajen mata, ni kuma aka fito mini da tuwo daga gidan Mati. Surajo da sauran suka zo taya ni. Aka buɗe kwano, Mati ya ce mu ci, shi ya ƙoshi. Ba wanda ya tsokani kowa. Ban taɓa cin tuwo marar daɗi irin wannan ba, kuma ba laifin mai tuƙi ba ne.

Sai muka ji ƙara daga zauren Jafaru, kwal-kwal-kwal, murfi yana bugun kwano. Ƙarar ta riga shi fitowa da nisa. Ga shi nan, ya rungumo kwanon gidansa da kansa, abin da ko da lafiyarsa bai taɓa yi ba, yana tahowa da gajeren takunsa, miya tana bin gefen kwano tana ɗiga a rigarsa. Ba wanda ya tashi ya karɓe shi. Ina jin kowa ya san in aka karɓa an ɓata. Ya iso, ya dire kwanon a tsakiyar tabarma.

"Matsa, mai haɗama," ya ce wa Mati. "In dai gari ne maganin, ga na gidana. Ya hi nasu yawa, kuma da miya."

Surajo ya fara raba buhuna. Mati ya matsa, yana share ido da gefen hula, wai hayaƙin gidan wani ne ya shigar masa, alhali ko kaza ba ta hura wuta a unguwar ba. Mutumin da ya ce ya ƙoshi ya riga kowa sa hannu.

Ni ban samu buhu ba, sun ƙare. Loma ta uku miyar kuɓewa ta sauka a gaban farar rigata ta aiki, ta yi zare har aljihu. Jafaru ya tsaya cak, lomarsa a sama.

"Ci abincinka," in ji Mati. "Tawa ce. Likita, ka yi haƙuri, ka san lalurarmu."

Na duba. Hannun Mati na dama ne a bakin kwano, yana ta karkarwa har ya fi na Jafaru, hannun da na gwada sau biyar da kaina, na rubuta sifili a gidansa sau biyar. Ya ga ina kallo, ya kafe ni da ido, bai daina ba.

Fom ɗin ziyarar ranar yana jakata, kuma a ƙasansa akwai wurin da aka ce a rubuta duk wani sabon abu da aka lura da shi. Na bar wurin fari, na sa hannu a kwanon Jafaru.